Hoton Georgiana, Matar Duke na Devonshire, da Hannuwan da Ya Ratsa

A ranar 6 ga Mayu, 1876, gidan gwanjo na Christie's da ke Landan ya sayar da wani tsohon hoton fenti na wata mace sanye da baƙar malafa a kan fam 10,605, kuɗin da har zuwa wannan rana ba a taɓa biyan kamarsa a kan hoto guda a wajen gwanjo ba. Shekara 35 kafin nan an sayi wannan hoto a kan fam 56 kacal, kuma ba a cika mako uku da yin gwanjon ba sai ɓarawo ya yanke shi daga jikin katakonsa ya yi awon gaba da shi, aka shafe shekara 25 ba a sake sanya shi a ido ba. Hoton na Georgiana ne, matar Duke na biyar na Devonshire, wanda ya zana shi kuwa Thomas Gainsborough ne, tsakanin 1785 da 1787. Na daɗe ina bibiyar tarihinsa, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda kowane mutum da ya riƙe shi ya bar masa tabo, ko dai a jikin ƙyallen da aka yi zanen a kai, ko a farashinsa, ko a amincewar da mutane suke yi da asalinsa.

Kafin a shiga maganar masu mallaka, ya kamata a san matar da ke cikin hoton. An haifi Georgiana Spencer a 1757 a gidan Althorp, gidan da Gimbiya Diana ta fito daga cikinsa bayan ƙarni biyu, kuma tana da shekara 17 aka ɗaura mata aure da William Cavendish, Duke na biyar na Devonshire, a 1774. Sarautar Duke ita ce mafi girma a cikin sarautun gado na Ingila idan aka cire gidan sarki, kuma gidan Cavendish na daga cikin mafiya arziki, da katafaren gidansu na Chatsworth a yankin Derbyshire da kuma wani a unguwar Piccadilly a Landan. Georgiana ta zama tauraruwar matan zamaninta, abin da ta ɗaura yau shi mata za su nema gobe, amma ba a ado kaɗai ta tsaya ba. A zaɓen mazaɓar Westminster na 1784, a zamanin da mace ba ta da ƙuri'a, ta fita da kanta lungu-lungu tana nema wa Charles James Fox na jam'iyyar Whig goyon baya, masu zanen barkwanci suka yi mata ca suna zarginta da sayen ƙuri'a da sumba, Fox kuwa ya ci kujerarsa. Tana da rauni babba, wato caca, wadda ta jefa ta cikin bashin da ta yi ta ɓoye wa mijinta har ta rasu a 1806. Akwai kuma wata mace, Lady Elizabeth Foster, ƙawarta da ta shigo gidan a 1782 ta zauna tare da su, wadda Duke ya aura a 1809 bayan rasuwar Georgiana. Sunan wannan mace zai sake tasowa a cikin labarin hoton.

Gainsborough, wanda aka haifa a Sudbury a 1727 ya kuma rasu a 1788, shi da Joshua Reynolds ne suka raba kasuwar zanen manyan mutane a Ingila a wancan zamani, kowa da magoya bayansa. Ya san fuskar Georgiana tun tana ƙaramar yarinya, domin ya taɓa zana ta a lokacin ƙuruciyarta, ya sake zana ta a tsaye a 1783, hoton da yanzu yake birnin Washington. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi suna. Ta ɗan juya kafaɗa tana kallon mai kallonta ta gefen ido, gira ɗaya a ɗage kaɗan, gashinta a buɗe ya zubo har kafaɗa, an barbaɗa masa farar hoda kamar yadda ake yayi a lokacin. A bisa gashin an ɗora wata faffaɗar baƙar malafa a karkace, an ƙawata ta da gashin jimina, rigarta fara ce da ɗamara shuɗiya, a hannu ɗaya tana riƙe da furen wardi da ya buɗe, a ɗayan kuma wanda bai buɗe ba. Malafar nan ta yi tasiri har masu ɗinkin huluna suka riƙa kiran irinta da sunan Gainsborough.

Daga nan sai hoton ya ɓace daga idon jama'a na kusan rabin ƙarni. Bai zauna a bangon Chatsworth kamar yadda hotunan sauran matan gidan suka zauna ba, sai a shekarun 1830 ya bayyana a gidan wata tsohuwar malamar makaranta mai suna Anne Maginnis. Wannan baiwar Allah ta ga hoton ya fi ƙarfin wurin da take so ta rataye shi, a saman murhun ɗumama ɗaki, sai ta sa aka rage masa tsawo ta ƙasa. Abin da ya sa ke nan a yau ake ganin Georgiana daga kai zuwa wajen gwiwa kawai, a ƙyalle mai tsawon santimita 127 da faɗin kimanin 101. Duk lokacin da na tuna da wannan yankan sai raina ya sosu, domin abin da aka yanke ba ya dawowa, amma ba na iya ganin laifin matar sosai. A hannunta hoton kayan ɗaki ne, kuma a wancan lokaci kasuwar hotunan Gainsborough ta yi sanyi, ba wanda yake rububinsu. A 1841 wani dillalin hotuna mai suna John Bentley ya saye shi daga gare ta a kan fam 56, daga hannunsa kuma ya koma hannun Wynn Ellis, attajirin siliki kuma ɗan majalisa, wanda ya tara hotuna masu yawa. Da Ellis ya rasu a 1875 ya bar wa gidan adana hotuna na ƙasa wasu daga cikin tarinsa, sauran kuma aka kai gwanjo, har da wannan.

Wannan giɓi na rabin ƙarni shi ne tushen duk wata gardama da ta biyo baya, kuma a nan ne nake ganin darasin sana'ar yake. Masu cinikin tsofaffin hotuna suna ba jerin sunayen waɗanda suka mallaki hoto muhimmanci kusan daidai da hoton kansa, kamar yadda mai sayen fili yake so ya ga takardun ciniki a jere tun daga mai asalin gonar, idan kuma aka sami wuri guda da takarda ta yanke, to ko da filin na gaskiya ne sai zuciyarsa ta riƙa ɗar-ɗar. Tun a 1876 wasu masana da masu zane suka fito suka ce hannun Gainsborough bai taɓa wannan ƙyalle ba, wasu suka ce nasa ne amma wani ya sake bi ta kan fuskar da fenti daga baya, wasu kuma suka ce matar da ke ciki Lady Elizabeth Foster ce, wadda ita ma ta riƙe sarautar matar Duke na Devonshire, don haka sunan da ke kan hoton zai iya zama nata. Da a ce akwai rasit daga hannun mai zanen, ko rubutu a littafin kayan gidan Chatsworth da ya nuna ranar shigarsa da ranar fitarsa, da bakin kowa ya mutu tun da wuri.

Duk da wannan gardama, William Agnew na kamfanin dillancin hotuna na Thomas Agnew and Sons ya biya fam 10,605, wato kusan ninki 190 na abin da Bentley ya biya. Dalilin wannan tsalle ba ɓoyayye ba ne. A tsakiyar mulkin Sarauniya Victoria sababbin attajirai sun yi yawa, masu masaƙu da masu bankuna da masu layin dogo, kuma suna da kuɗi amma ba su da kakannin da za su rataye a bangon zaurukansu, saboda haka hotunan manyan matan ƙarni na 18 suka zama abin nema ruwa a jallo. Agnew ya rataye hoton a benen shagonsa da ke lamba 39 a titin Old Bond Street, yana karɓar sule ɗaya a kan kowane mai son kallo, jama'a kuwa suka yi ta tururuwa. A cikin masu sha'awar har da Junius Spencer Morgan, Ba'amurken ma'aikacin banki da ke zaune a Landan, wanda mahaifiyarsa 'yar wani gidan Spencer ce, yana kuma jin cewa akwai zumunci mai nisa tsakaninsa da matar da ke cikin hoton. Ya shirya sayensa domin ya ba ɗansa John Pierpont Morgan kyauta, ciniki ya yi nisa, sai dai ba a kai ga miƙa kaya ba.

A daren 25 ga Mayu, 1876, mutum uku suka tsaya a ƙarƙashin tagar shagon. Shugabansu Adam Worth ne, wanda aka haifa a Jamus a 1844 ya tashi a jihar Massachusetts ta Amurka, ya fasa wani banki a Boston a 1869, sannan ya gudo Landan ya zauna a matsayin attajiri da sunan Henry J. Raymond. Bisa labarin da shi da kansa ya bayar daga baya, ya taka kafaɗun wani ƙaton yaronsa mai suna Jack Phillips ya kai ga tagar bene, na ukunsu Joe Elliott yana gadin hanya. Da ya shiga ya sa wuƙa mai kaifi ya bi gefen hoton ya yanke shi daga katakon da aka ɗaure shi a kai, ya shafa wa bayan ƙyallen wani abu mai danshi domin ya yi laushi, sannan ya naɗe shi fuskar fentin tana waje saboda kada ya tsattsage, ya cusa a cikin rigarsa ya sauko. Mai gadin da ke kwana a ginin bai ji komai ba. Da gari ya waye aka tarar da katakon a rataye babu kowa a ciki, kamfanin Agnew ya sa ladar fam 1,000 ga duk wanda ya kawo labari.

Abin mamaki shi ne Worth bai saci hoton domin ya sayar ba, kuma ya fi kowa sanin cewa hoton da duk jaridun Ingila suka buga kamanninsa ba shi da kasuwa. Ƙanensa John ne yake tsare a kan laifin takardun banki na jabu, shi kuma ya yi niyyar ya matsa wa Agnew lamba ya tsaya masa beli a madadin dawo da hoton. Kafin a kai ga haka lauya ya gano kuskure a takardun shari'ar, aka saki ƙanen, sai Worth ya wayi gari da kayan da ba ya iya sayarwa kuma ba ya bukata. Ya aika wa kamfanin Agnew wasiƙu yana neman kuɗin fansa, yana haɗawa da 'yan guntayen da ya yanko daga gefen ƙyallen domin su tabbatar cewa hoton yana hannunsa, amma magana ba ta ƙullu ba. Daga nan ya sa aka ƙera masa akwati mai ɓoyayyen gindi, ya riƙa yawo da hoton, daga bisani ya tsallaka da shi Amurka ya ajiye a ɗakin ajiyar kaya.

Masu ba da wannan labari sun cika son su mai da shi labarin soyayya, su ce ɓarawon ya kamu da son matar da ke cikin hoton har ya kasa rabuwa da ita. Ni ban yarda a yi masa wannan kwalliya ba. Mutumin da ya sa wuƙa ya zagaye aikin Gainsborough, ya riƙa gutsure gefensa yana sakawa a ambulan, ya naɗe fentin da ya kusa shekara ɗari da bushewa ya kulle a gindin akwati, ya yi wa hoton ɓarnar da ta fi ta malamar makaranta muni, domin ita ba ta san darajar abin da ke hannunta ba, shi kuwa ya sani sarai. Ya kuma hana mutanen zamani guda ganinsa. Gaskiya ne an san shi da ƙin amfani da makami a wajen sata, kuma wannan ya sa wasu suke tausaya masa, amma ƙin zubar da jini bai mai da kayan wani ya zama nasa ba.

Ƙarshen Worth bai yi kyau ba. An kama shi a birnin Liège na Beljiyam a 1892 yana ƙoƙarin fasa keken dokin da ke ɗauke da kuɗi, aka yanke masa shekara bakwai, ya fito a 1897 ba lafiya ba dukiya, hoton nan ne kaɗai abin da ya rage masa. Ta hannun wani ɗan caca Ba'amurke mai suna Patrick Sheedy ya tuntuɓi William Pinkerton na shahararren kamfanin bincike mai zaman kansa, wanda ya daɗe yana bin sawunsa, aka shirya yadda za a mayar da kayan a biya shi wani abu ba tare da an gurfanar da shi ba. A ƙarshen watan Maris na 1901, Morland Agnew, ɗan William Agnew, ya je Shikago ya sauka a otal ɗin Auditorium, wani ɗan aike ya ƙwanƙwasa ƙofa ya miƙa masa naɗaɗɗen ƙunshi ya juya, ya buɗe ya duba ya tabbatar da cewa shi ne hoton da aka sace wa mahaifinsa. Worth bai yi shekara guda bayan haka ba ya rasu a Landan a watan Janairun 1902, aka binne shi a maƙabartar Highgate da sunan aro da ya rayu da shi.

Junius Morgan ya riga ya rasu tun 1890, amma ɗansa, wanda a lokacin ya zama mafi ƙarfin masu bankin Amurka, bai manta da kyautar da ba ta iso hannunsa ba. Cikin 'yan makonni J. P. Morgan ya sayi hoton daga kamfanin Agnew a kan dala 150,000, wato kimanin fam 30,000, kusan ninki uku na farashin 1876. A nan ana iya ganin yadda sata ta ƙara wa hoto kuɗi, domin ƙyallen ya dawo a raunane fiye da yadda ya tafi, abin da ya ƙaru kawai shi ne sunan da ya yi a jaridun nahiyoyi biyu.

Sayen da Morgan ya yi wani yanki ne na babban kwararar hotuna daga Ingila zuwa Amurka. Tun daga shekarun 1870 hatsin Amurka mai araha ya karya farashin amfanin gona a Ingila, kuɗin hayar gonaki da sarakunan gargajiyar ƙasar suke rayuwa a kai ya faɗi, dokar 1882 ta ba su damar sayar da kayan gadon da a da aka hana su taɓawa, harajin gado na 1894 kuma ya ƙara tura su kasuwa. A 1909 Amurka ta cire harajin shigo da tsofaffin ayyukan zane, hanya ta ƙara buɗewa. Mafi shaharar abin da ya biyo baya shi ne wani hoton Gainsborough na yaro mai shuɗiyar riga, wanda Duke na Westminster ya sayar a 1921 ta hannun dillali Joseph Duveen, Henry Huntington ya biya dala 728,800 ya kai shi Kalifoniya, bayan mutum kusan 90,000 sun je sun yi masa kallon bankwana a Landan. Sai a 1952 Birtaniya ta kafa ƙa'idojin da ake bi har yau wajen jinkirta fitar da irin waɗannan kayan tarihi, domin a ba gidajen adana kaya na ƙasar damar tara kuɗin saye.

Hoton Georgiana ya zauna a hannun zuriyar Morgan shekara 93, daga shi zuwa 'yarsa, daga ita zuwa jikarsa, kuma mafi yawan wannan lokaci a cikin gida yake, jama'a ba sa ganinsa. A cikin waɗannan shekaru gidan Cavendish ma ya sha nasa wahalar. An sayar da gidansu na Piccadilly a 1920 aka rushe shi bayan 'yan shekaru, sannan da Duke na goma ya rasu kwatsam a 1950 gwamnati ta nemi kashi 80 cikin ɗari na dukiyar a matsayin harajin gado. Ɗansa Andrew Cavendish, Duke na goma sha ɗaya, ya sayar da filaye masu yawa, ya miƙa wa gwamnati gidan Hardwick Hall da wasu daga cikin mafiya darajar kayan tarihin gidan, ya shafe shekaru yana biya kafin ya tsira da Chatsworth. Mutumin da ya ga kayan kakanninsa suna fita ta ƙofa ɗaya bayan ɗaya shi ne ya samu damar shigo da wannan hoto, kuma ina ganin hakan ya ƙara wa dawowar armashi.

A watan Yulin 1994 magadan Morgan suka kai hoton gidan gwanjo na Sotheby's a Landan, aka saye shi domin Chatsworth a kan fam 265,500. A ido adadin ya fi na 1876 nesa ba kusa ba, amma idan aka yi la'akari da yadda darajar fam ta zube a cikin shekara 118, abin da aka biya bai kai nauyin kuɗin da William Agnew ya biya ba, balle a yi maganar na Morgan. Yayin hotunan manyan matan Ingila ya wuce tun bayan karyewar tattalin arzikin duniya ta 1929, masu kuɗi sun koma kan zanen Faransa da na zamani, ga kuma raunukan da ke jikin ƙyallen da tsohuwar gardamar asalinsa da ba ta gama kwanciya ba. A ganina wannan farashi na 1994 ya fi na baya kusa da gaskiya, domin an biya shi ne bayan hayaniyar gwanjon farko da ta satar sun lafa, kuma an saye shi ne saboda matar da ke ciki kakar Duke na goma sha ɗaya ce ta wajen tarihin gida, ɗanta ne Duke na shida da ya gyara Chatsworth ya faɗaɗa shi.

Akwai wani bambanci a wannan ciniki na ƙarshe da ya kamata a lura da shi. Tun 1981 Duke na goma sha ɗaya ya kafa wata gidauniya mai suna Chatsworth House Trust, ya ba ta hayar gidan da lambunsa da muhimman kayan da ke ciki na tsawon shekara 99 a kan fam ɗaya a shekara, bisa sharaɗin ta kula da su ta kuma buɗe su ga jama'a, iyalin gidan kuma suna biyan haya a kan sashen da suke zaune. Wannan gidauniya ce ta sayi hoton, kuma kuɗin shiga da baƙi suke biya yana cikin abin da take gudanar da aikinta da shi. Saboda haka a karon farko tun zamanin malamar makaranta hoton ya fita daga hannun mutum guda da zai iya rage masa tsawo, ko ya kulle shi a ɗaki, ko magadansa su kai shi gwanjo idan ya rasu, kuma duk wanda ya je Derbyshire a lokacin da gidan yake buɗe zai iya biyan kuɗin ƙofa ya tsaya a gabansa.